Ba Biki, Ba Ta'aziyya: Kwana Biyar a Damagaram

Bahaushe matafiyi ne tun fil azal, amma ba ya ɗaura kaya sai da dalili. Ko dai fatauci, ko neman ilimi, ko cin rani, ko aikin hajji. In kuwa ba ɗaya daga cikin waɗannan ba, to biki ne, ko suna, ko jinya, ko gaisuwar mutuwa. Shi ya sa idan baƙo ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, aka ba shi ruwa ya sha, tambayar da ke biyo baya ita ce: “Lafiya dai ko?” Watau, faɗi abin da ya kawo ka. Tafiyar da ba ta da amsar wannan tambaya sunanta yawo, yawo kuwa kalma ce da ba ta da daraja a bakin manya. Akwai yawon banza, akwai yawon duniya. Ko “yawon buɗe ido” da ake ji a rediyo, an fi jingina shi ga Nasara mai gajeren wando, mai rataye da na'urar ɗaukar hoto a wuya.

Wannan labarin wasu mata da miji ne, mutanen Kano, waɗanda suka ƙetare iyaka cikin watan Nuwamba na 2024, suka kwana biyar a birnin Damagaram, alhali ba su da ɗan'uwa a garin, ba su da haja, ba su da majinyaci. Mijin malamin tarihi ne na makarantar sakandare, ya shekara 35 yana riƙe da alli kafin ya ajiye aiki. Matar kuwa tela ce ta cikin gida, da kekenta ta yi wa ƴaƴanta mata uku kayan ɗaki. Aurensu shekara 33. A ƙarshen daminar wannan shekara aka kai autarsu ɗakin miji, aka kwashe rumfuna, aka mayar da tukwanen aro, gida ya yi tsit. Ba faɗa suka yi ba. Sun dai wayi gari suka tarar hirarsu ta shekara talatin duk a kan yara take: kuɗin makaranta, zazzaɓi, ɗinkin salla, wanda ya zo neman aure. Da yaran suka tafi, sai suka tafi da hirar. Abin da ya saura shi ne “ga abinci”, da “sannu da aiki”, da “a dawo lafiya”.

Wani dare bayan lisha, yana sauraron rediyo, ta ce masa: “Malam, ka kai ni wani gari mana.”

Ya rage muryar rediyon, ya ce: “Wa ya rasu?”

Ta ce: “Ba wanda ya rasu. Garin da ba mu da kowa nake so.”

Kwana uku yana juya maganar. Daga bisani ya zaɓi Damagaram, saboda hujjoji uku da ya jera mata kamar yana gaban allo. Na farko, kusa ce, tafiyar kimanin kilomita 240. Na biyu, ƙasar waje ce, amma ba a buƙatar tafinta. Na uku, ya shekara da shekaru yana rubuta sunan wannan daula a allo, bai taɓa sa ƙafa cikinta ba. Da ƴaƴansu suka ji, kowanne ya bugo waya a ɓoye yana tambayar ɗayansu ko ɗayan ne ba shi da lafiya.

Ranar Litinin da sassafe suka bi ta Kazaure da Daura, suka isa Kwangwalam, inda Najeriya ta ƙare. Iyakar nan, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a takarda, sa'an nan ayarin Tilho da O'Shee suka bi ta suna kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908, suka raba gona da mai ita, suka raba kasuwa da masu cinta. Ko a kwanan nan an rufe ta sau biyu: daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A ɓangaren Ɗan Barto wani jami'i matashi ya karɓi takardunsu, ya yi tambaya da Faransanci, da ya ga sun yi shiru sai ya maimaita da Hausa:

“Baba, me ya kawo ku Nijar?”

Malam ya buɗe baki zai ce ziyara, ya tuna ba wanda za su ziyarta. Hajiya ce ta amsa daga bayansa: “Hutawa muka zo yi, ɗana.”

Jami'in ya ɗago kai ya dube su, ya yi murmushi, ya ce: “To Inna, Allah ya ba da hutu.” Ya buga hatimi. Ba su ko gyara agogo ba, domin lokacin Kano da na Damagaram ɗaya ne.

Abin da ya fara shaida musu cewa lalle sun bar gida, kuɗi ne. Malam ya san zamanin da, a farkon shekarun 1980, naira guda ke sayen sefa fiye da 300 a farashin hukuma. A wannan rana kuwa sai da ya ƙirga wa ɗan canji fiye da naira dubu biyu kafin a miƙo masa jikka ɗaya, watau sefa 1,000. Sa'an nan ga wahalar lissafi. A Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala kuwa sefa 5 ce. Idan mai ƙosai ta ce “dala ashirin”, sefa 100 take nufi. Idan ta ce “ɗari”, to 500 ce. Malam ya ciro biro yana ninkawa a bayan takarda. Hajiya ta saurari ciniki biyu a tashar Matamaye, ta kama, ba ta sake tambaya ba.

Suka wuce Kance, suka hau babbar hanya a Takeita, suka nufi gabas. Da motar ta zo Tirmini, Malam ya gyara zama. A nan ne, a ƙarshen watan Yuli na 1899, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta tari sojojin Faransa, bindiga ta rinjayi doki, birni ya faɗa hannun Nasara; cikin Satumba na wannan shekara aka kashe sarkin. Ya juya zai yi mata bayanin yadda kisan Kyaftin Cazemajou a Damagaram cikin Mayun 1898 ya zama hujjar wannan yaƙi, sai ya tarar ta jingina da taga tana barci.

Masaukin da suka sauka ƙarami ne, ɗakuna kaɗan kewaye da tsakar gida mai bishiyar dogon yaro. A daren farko Malam ya fitar da takarda: wurare goma sha huɗu ya rubuta, kowanne da lambarsa da lokacin da za a isa gare shi. Ashe shi ma ya kasa tafiya babu dalili. Da bai samu ba, sai ya ƙirƙiro wa kansa.

Talata suka shiga Birni. Suka fara da fadar da Sarki Tanimun ya gina wajen 1850, dogarai na zaune a ƙofa cikin ja da kore. Malam ya yi bayani, ko ba a tambaye shi ba: yadda gidan sarautar ya samo asali daga Barebari a farkon ƙarni na 18, yadda Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Barno, yadda Tanimun ya kewaye birnin da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba masa igwa, ya mai da garin babban zango a kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Kano ya bi ta Agadas zuwa Tarabulus, har ya rasu a 1884. Daga nan suka nemi gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka daga ƙarshen Disamban 1852 zuwa ƙarshen Janairun 1853. Malam ya karanta allon da ke jikin bango, ya ciro biro ya soke lamba ta biyu, ya ce: “Mu je.” Yana gaba, tana baya da taku uku, kamar yadda suka saba tun ranar da aka kai ta gidansa.

Lungunan Birni ƙanana ne, suna lanƙwasa tsakanin katangun ƙasa da manyan duwatsu. Malam na tafe yana magana, ya sha kwana biyu ko uku, ya yi tambaya bai ji amsa ba. Ya waiga, babu kowa. Ya koma da sauri, ya shiga wannan lungu ya fito ta wancan, gumi ya keto masa duk da sanyin hunturu. Baƙo ko da ido makaho ne. Sai wani yaro ya ja shi zuwa wata ƙofa mai zanko biyu, wadda aka yi wa fuskarta zayyana da dagi, shuɗi da ja da rawaya. A cikin zauren ya tarar da Hajiya zaune kan tabarma, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo, ga ƙwaryar fura a gabanta, tana ta dariya. Tsayawa ta yi kallon zanen bangon, tsohuwar gidan ta leƙo, ta dubi hancinta da hasken fatarta, ta ce: “Af, yau ga baiwata Bafilatana ta kawo kanta.” Tsohuwar Babarbariya ce, Hajiya kuwa ta san wasan, ta mayar mata da martani nan take. Wannan wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, bai san da alamomin Tilho ba. Cikin minti goma ya yi wa matar da ba ta da kowa a garin uwar ɗaki.

Tsohuwar ta dubi Malam ta ce: “Kai ne mai ita? To ina za ka da sauri haka, kasuwa ce ke watsewa?” Ita ma ta tambayi abin da ya kawo su. Da aka ce mata hutawa, ta girgiza kai, ta rage murya ta ce in wurin wani malami suka zo neman taimako kada su ji nauyi, ta san na ƙwarai.

Lamba ta uku a takardar ita ce tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, wanda Malam ya daɗe yana ganin hotonsa. Da suka isa, ba su tarar da abin da ke cikin hoton ba. Ranar 3 ga Satumba na 2024, cikin daminar da ta yi ɓarna a faɗin Nijar, masallacin ya rushe bayan ya haura shekara 170 a tsaye. Wata biyu kacal suka makara. Malam ya tsaya riƙe da biro, bai san ko ya soke lambar ko ya bar ta ba.

Wani dattijo da ke zaune a inuwa kusa da wurin, wanda hannuwansa suka nuna magini ne, ya yi musu sannu. Malam ya ce: “Ruwa ya yi mana ɓarna, Baba.”

Dattijon ya ce: “Ruwa ya yi nasa, ba a musu, bana an ga abin da ba a saba gani ba. Amma ginin ƙasa ba ya faɗuwa rana ɗaya. Tubali yana son a duba shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai a hau a share indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe, a shafa makuba. Aikin kwana biyu ne, ba wanda zai gani ya yaba maka. In ka bari bana, ba abin da zai faru. In ka bari baɗi, ba abin da zai faru. Daga waje gini lafiya lau, ruwa kuwa yana bin azara yana shiga ciki. Ran da ya zube sai a ce ruwan jiya ne.”

Malam ya yi godiya. Hajiya ba ta ce komai ba, sai dai ta daɗe tana duban wurin. Suka koma masauki tun kafin la'asar, saura lamba goma sha ɗaya ba a soke ba.

Laraba ba su je ko'ina ba. Ƙafar Hajiya ta kumbura, famfon masaukin kuma bai kawo ruwa ba. Wanda ya san Damagaram ya san wannan ba labari ba ne. Garin a kan dutse yake zaune, ƙasarsa ba ta riƙe ruwa, sai an jawo shi daga nesa: daga Gogo da Macaya ta kudu, daga Arunguza da Ganaram ta arewa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga Damagaram, inda yake tun 1911, zuwa Yamai ta bakin kogi a 1926. Ko matatar man da aka buɗe a arewacin garin a 2011 ba ta raba unguwanni da ƴan ga-ruwa ba. Da hantsi ɗaya daga cikinsu ya turo kurarsa cike da jarkoki, aka sayi biyu. Yaron masaukin ba ya nan. Malam ya dubi jarkar, ya dubi ƙafar matarsa, ya naɗe hannun riga, ya juye ruwa a bokiti ya kai mata makewayi. A Kano da wani ya gan shi, da an sami abin faɗa a majalisa har mako guda. A nan ba wanda ya san shi, balle ya ce an mallake shi.

Da rana aka kawo musu tuwon hatsi da miyar kuka a kwano ɗaya, domin mai dafuwar ba ta ga dalilin ɓata kwano biyu ba. A gida Malam a zaure yake ci, ko shi kaɗai ko da baƙi, ita kuwa a ɗaki tare da yara. Suka dubi kwanon, suka dubi juna. Yunwa ta raba gardama. A nan ya gano ba ta son yaji da yawa, ita da ta shekara 33 tana zuba shi a miya saboda shi. Kunya ado ce, ba mai musun haka, kuma ita ce ta riƙe gidaje da yawa da ba don ita ba da sun watse. Amma kunyar da aka yi domin idon jama'a, idan ta daɗe, takan bi mutum har cikin ɗaki ta zauna, ko bayan jama'ar sun tafi.

Da maraice wasu samari suka kafa fada a ƙofar masaukin. Malam ya yi mamakin sunan, domin a Kano fada ta sarki ce, wurin zaman hira kuwa majalisa. A nan duk inda aka ɗora butar shayi kan gawayi aka jera benci, fada ce. Cikinsu akwai wani mushe mai koyar da tarihi a wani kolej. Da ya ji baƙon abokin sana'a ne, ya shiga gida ya ɗauko littafin André Salifou a kan Damagaram ta ƙarni na 19, wanda aka buga a 1971. Marubucin ɗan garin ne, jami'ar Damagaram ma sunansa take ɗauke da shi. Malam ya juya shafukan, bai iya karanta ko layi ɗaya ba. Shi da Ingilishi ya koyar, mushe da Faransanci, tarihin kuwa na mutane ɗaya ne. Da Hausa suka yi musu a kan yaƙin da Kuran Daga ya kai ƙasar Kano zamanin Sarki Alu, har wajen Gezawa: kowanne da yadda aka ba shi labarin, kowanne kuma a nasa labarin mutanensa ba su ji kunya ba. Aka sha shayi na fari mai ɗaci, aka sha na biyu, aka sha na uku mai zaƙi, ba a daidaita ba, aka rabu ana dariya. Mushen ya ce abin takaici ne a ce littattafansu ba sa gaisawa alhali su suna gaisawa. Wata huɗu bayan wannan hira, cikin Maris na 2025, Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa; ko littattafan za su bi baya, wannan aiki ne da ke jiran malamai. Hajiya na jin su daga tsakar gida. Da ya shigo ta ce masa rabon da ta ji dariyarsa irin wannan tun kafin ya bar aiki.

Alhamis ranar kasuwa ce. A Kasuwar Dole al'amari ya juya: Hajiya ce gaba, Malam na biye da ita riƙe da leda. Ita ta san dala, ita ta san inda ake taya kaya da inda ake yin shiru a juya baya har mai kaya ya kira. Ta tsaya wurin masu atamfa ta murza yadi tsakanin yatsu, ta faɗi inda aka saƙa shi kafin mai shago ya buɗe baki. Ta tsaya wurin dukawa, waɗanda aikin fatarsu ya yi suna tun zamanin ayari, ta juya wani alabe ta duba ɗinkinsa ta ciki, ta ajiye, ta ɗauki wani. Malam, wanda ya shekara 33 yana ba da kuɗin cefane bai taɓa ganin yadda ake kashe su ba, ya tsaya yana kallon matarsa kamar yau aka nuna masa ita. Daga nan suka ratsa Zango, unguwar da fatake da Buzaye ke sauka a da, inda attajirai irin su Malam Yaro suka yi gidajensu. Unguwar tana cikin takardarsa, lamba ta tara, amma takardar tana can cikin aljihun rigar da ya cire ranar Talata. Suka sayi kilishi, suka zauna a inuwar wani zaure suka ci, ba wanda ya dubi agogo.

Ranar Juma'a ya yi salla a babban masallacin da ke fuskantar fada. Da la'asar sakaliya ta ce tana son ta hau ɗaya daga cikin duwatsun nan da ke warwatse cikin garin, ta ga Damagaram daga sama. Ya ce ƙafarta fa? Ta ce sannu ba ta hana zuwa. Suka sami wani marar tsawo a gefen Birni. A wurin da dutsen ya yi santsi ya miƙa mata hannu, ta kama, da suka wuce wurin kuma ba wanda ya fara saki. Daga sama ana hango rufin soraye da zankayensu, da hasumiyar masallaci, da tudun da Faransawa suka kafa barikinsu, da ƙurar hunturu da ta mai da rana kamar faifan jan ƙarfe.

Suka zauna. Can ta ce: “Malam, ka san shekara talatin da uku ban taɓa ganin gefen fuskarka a kan hanya ba? Ƙeyarka kawai na sani. Ko cikin mutum dubu aka juya mini baya, zan fitar da kai.”

Ya yi dariya, sa'an nan ya ga ba wasa take yi ba.

Ta ce: “Babbar ƴarka ta ce in koma wurinta Kaduna in riƙa duba mata yara. Ta ce kai ba ka da matsala, almajiri zai riƙa karɓo maka abinci. Na ce mata zan yi shawara. Ba wanda zai zarge ni, ba wanda zai zarge ka. Cewa za a yi kaka ta tafi renon jikoki.”

Malam ya san irin wannan tafiya. Ya ga abokansa da dama da aka yi wa ita: ba saki, ba yaji, ba ƙara wurin alƙali, aure yana nan a bakin mutane, amma an kwashe abin da ke cikinsa. Ya ce: “Me kika yanke?”

Ta ce: “Da na yanke, da ban ce ka kawo ni nan ba. So nake in gani ko in an cire yara, an cire baƙi, an cire maƙwabta, akwai sauran abin da ya rage.”

Mutumin da ya shekara 35 yana magana a gaban aji ya nemi kalma ya rasa. Da ƙyar ya ce: “Hajiya, ban san ba ki son yaji ba.”

Ta ce: “Ba ka tambaya ba.”

Ya ce: “To ina tambaya yanzu. Me kuma ban sani ba?”

Har aka kira magariba tana faɗa masa. Ba manyan abubuwa ba ne. Tana son rediyon ya riƙa yin shiru lokacin cin abinci. Tana son ta ga teku kafin ta mutu. Ta daɗe tana son ta koyi karatun boko sosai, ga malami a gida, amma ta ji nauyin ta ce ya koya mata. Suka sauko da duhu, yaran unguwa na haska musu hanya da fitilar waya.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan ana iya yin sa a Kano, ba sai an sha wahalar iyaka da canjin kuɗi ba. Gaskiya ne, amma ba a yi ba. A gida kowane lungu ya san matsayin mutum, ya kuma tsare masa shi: wannan maigida ne, wannan uwargida ce, ga inda kowa ke zama, ga abin da kowa ke faɗa. Ƙasar da ta yi nisa ƙwarai kuma takan sa baƙo ya ƙanƙame abin da ya saba saboda tsoro. Damagaram ta faɗo musu a tsakani. Harshen nasu ne, kiran salla nasu ne, tuwon nasu ne, saboda haka hankalinsu ya kwanta. Amma ba mai sanin su, saboda haka ido ya sauka daga kansu. Garin kuma ba ya gaggawa. Wanda ya saba jiran ruwa ya san ba kowane abu ake samu da sauri ba. Hutu irin wannan ba almubazzaranci ba ne, ba kuma kwaikwayon Nasara ba ne. Zumunta a ƙafa take, in ji magabata, sai dai an fi tuna karin maganar game da dangin da ke nesa, a manta da wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi.

Asabar suka kama hanyar gida. Tsohuwar Birni ta aiko wa baiwarta da ƙullin kuka da daddawa. A Ɗan Barto wani jami'i dabam suka tarar, ya tambayi abin da suka sayo, Hajiya ta nuna masa kilishi da alabe ɗaya. Takardar Malam ta dawo Kano da lamba biyu a soke, ta uku da alamar tambaya, sauran kuwa yadda aka rubuta su.

Ba a ce komai ya sauya ba. Da suka sauka a unguwarsu, maƙwabta na zaune a ƙofar gida, Malam ya wuce gaba, Hajiya ta biyo baya, kamar kullum. In an yi baƙi, a zaure yake cin abinci. Amma ta bugo wa ƴarta waya ta ce za ta zo Kaduna ta yi mako biyu, ba ƙari, domin ta soma karatu kuma malaminta ba ya son fashi. Da dare, in an rufe ƙofar gida, kwano ɗaya ake fitarwa, yaji kuwa a gefe, cikin ɗan murfi, mai so ya ɗiba.